Hodar da ta cika sharaɗin tsabta ta kwantar da mutane 1,500: nazarin lamarin tiriftofan na 1989

Yadda al'amura suke kafin 1988

Tiriftofan ɗaya ne daga cikin sinadaran da jiki yake gina furotin da su, kuma jikin ɗan Adam ba ya iya haɗa shi da kansa, sai dai ya same shi daga abinci kamar nama, madara, ƙwai, wake da gyaɗa. Daga gare shi ne jiki yake samar da sirotonin, sinadarin da yake da hannu a barci da kwanciyar hankali. Wannan alaƙa ita ce ta buɗe masa kasuwa a Amurka cikin shekarun 1980, inda aka riƙa sayar da shi a kantuna da shagunan magani a matsayin ƙwayar ƙarin gina jiki, ba tare da takardar likita ba. Masu fama da rashin barci suna sha, haka masu damuwa, haka matan da suke shan wahala gabanin al'ada, har wasu likitoci ma suna ba marasa lafiyarsu shawarar su saya, bisa tunanin cewa abin da yake cikin abinci na yau da kullum ba zai cutar ba.

Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka, wadda aka fi sani da FDA, ba ta ɗauki waɗannan ƙwayoyi a matsayin magani ba, saboda haka ba a bin su da tsauraran ƙa'idojin da ake bin masana'antun magani da su. Babu wata doka ta musamman da ta tilasta wa mai haɗa su ya sanar da kowa idan ya sauya hanyar aikinsa.

Hodar tiriftofan da ake sha a Amurka a lokacin daga kamfanoni shida take fitowa, dukkansu a Japan. Wannan nazari ya shafi ɗaya daga cikinsu, wani babban kamfanin sinadarai wanda ya fi sauran kai kaya kasuwar Amurka. Hanyar da yake bi ita ce ta tsimi, wato ana zuba wata bakteriya mai suna Bacillus amyloliquefaciens cikin manyan tankuna tare da abincinta, ita kuma tana fitar da tiriftofan cikin ruwan tsimin, kusan yadda 'yar uwarta take aiki a cikin kalwa har ta zama daddawa. Ruwan da ya fito daga tanki cike yake da abubuwa iri-iri, don haka sai an bi da shi ta matakan tacewa kafin a samu farar hoda. Biyu daga cikin matakan nan su ne za su zama abin magana daga baya: wani mataci mai siririn ƙofa da ake tura ruwan ta cikinsa da ƙarfi don ya tare manyan sinadarai, da kuma garin gawayi na musamman da ake zubawa don ya tsotse ƙananan baƙin sinadarai su manne a jikinsa.

Oktoba 1988 zuwa Yuni 1989: sauye-sauye uku a masana'anta

Cikin 'yan watanni kaɗan kamfanin ya taɓa wurare uku a aikinsa. Daga Oktoba 1988 zuwa Yuni 1989, wani ɓangare na ruwan wasu zubi-zubi, wato tsimin da ake haɗawa a tanki a tashi ɗaya, ya riƙa wucewa ba tare da ya bi ta matacin nan ba. A Disamba 1988 aka shigo da sabon irin bakteriya, wanda kamfanin ya kira iri na biyar, an kuma gyara ƙwayoyin halittarsa ne domin ya riƙa fitar da tiriftofan fiye da na baya. Sannan a 1989 aka rage garin gawayin da ake zubawa a kowane zubi, daga kilo 20 ko fiye zuwa kilo 10 a mafi yawan zubin.

Gwajin da ake yi wa hodar kafin ta fita bai nuna wata matsala ba. Ma'aunin da aka yarda da shi a Amurka ya nemi tsabtar tiriftofan ta kai kashi 98.5 cikin ɗari, hodar kamfanin kuwa tana kaiwa kashi 99.6, ta zarce abin da ake buƙata. Da wannan shaida aka ɗura ta a ganguna aka aika Amurka.

Yana da muhimmanci a fahimci hanyar da gangar hoda take bi bayan ta sauka, domin ita ce ta wahalar da bincike daga baya. Mai shigo da kaya yana sayar wa ɗan sari, ɗan sari yana sayar wa mai buga ƙwaya ko mai ɗura kafso, shi kuma yakan haɗa hodar zubi biyu ko uku, wani lokaci ma ta kamfanoni daban-daban, kafin ya miƙa wa masu zubawa a kwalba su liƙa sunansu. Kwalbar da ta isa hannun mai saye tana ɗauke da sunan kamfanin da ya sayar, amma ba ta faɗin wace masana'anta ce ta yi hodar, balle wane zubi ne. Ta haka hodar masana'anta ɗaya ta watsu ƙarƙashin sunaye masu yawa a duk faɗin ƙasar.

Oktoba zuwa Nuwamba 1989: bayyanar cutar

A watan Oktoba 1989 likitoci uku a jihar New Mexico, kowa a asibitinsa, suka ci karo da mata uku masu irin ciwo ɗaya. Tsokar jikinsu tana ciwo mai tsanani har ta hana su harkokinsu, ga gajiya, kuma gwajin jini ya nuna wani nau'in fararen ƙwayoyin jini da ake kira iyosinofil ya yi yawa ƙwarai. A lafiyayyen mutum adadinsa ba ya wuce kimanin 500 a kowace maikurolita ta jini, wato ɗan mitsitsin ma'aunin da bai kai ɗigo ba, a wajen waɗannan mata kuwa ya kai dubbai. Irin wannan hauhawa yawanci tsutsar ciki ce take kawo shi, ko rashin jituwar jiki da wani abu, ko wani nau'in sankarar jini, kuma an bi waɗannan hanyoyi duka ba a samu komai ba. Likitocin, ciki har da Dakta Philip Hertzman na garin Los Alamos, sun tuntuɓi Dakta Gerald Gleich na asibitin Mayo, wanda ya yi fice wajen nazarin waɗannan ƙwayoyin jini. Da aka jera bayanan matan uku wuri ɗaya, abu guda da ya haɗa su shi ne dukkansu suna shan tiriftofan.

An sanar da ma'aikatar lafiya ta jihar ranar 30 ga Oktoba. Ranar 7 ga Nuwamba jaridar Albuquerque Journal ta buga labarin, wanda 'yar jarida Tamar Stieber ta rubuta, ta kuma samu kyautar Pulitzer a 1990 saboda shi. Labarin yana fita sai wasu marasa lafiya da likitocinsu suka fara kira, domin mutane da dama sun shafe makonni ana yi musu gwaje-gwaje ba a gano abin da yake damunsu ba, kuma ba wanda ya tambaye su ko suna shan wata ƙwayar da suka saya da kansu. Su ma ba su ga dalilin ambatonta ba, tunda ba su ɗauke ta magani ba.

Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, CDC, ta sa wa cutar suna daga alamominta biyu, yawan iyosinofil da ciwon tsoka, ana taƙaita shi da EMS. Ta kuma tsara sharuɗɗa uku na ƙirga mutum cikin masu ita: iyosinofil ya kai 1,000 ko fiye a kowace maikurolita, ciwon tsoka ya kai ga hana ayyukan yau da kullum, sannan babu wata cuta mai yaɗuwa ko sankara da za ta bayyana alamomin. Binciken gaggawa da aka yi a New Mexico da Minnesota, inda aka kwatanta masu cutar da lafiyayyun mutane makamantansu, ya nuna dukkan masu cutar sun sha tiriftofan, alhali da wuya a samu mai shan sa a cikin lafiyayyun.

Nuwamba 1989 zuwa Maris 1990: janye kaya da jinya

Ranar 11 ga Nuwamba FDA ta gargaɗi jama'a su daina shan tiriftofan. Ranar 17 ga wata ta nemi a janye daga kasuwa duk kayan da suke ba da miligiram 100 ko fiye a rana. An ɗauki wannan mataki tun kafin a san wace masana'anta ce ke da laifi, kuma tun kafin a san ko akwai wani baƙon sinadari a ciki, saboda haka janyewar ta shafi kayan kowa. Sababbin masu kamuwa, waɗanda adadinsu ya kai ƙololuwa a Oktoba da Nuwamba, sun ragu sosai cikin 'yan makonni.

Iyakar miligiram 100 da aka sa ba ta riƙe ba. An samu wanda ya kamu alhali abin da yake sha bai kai haka ba, don haka a Maris 1990 aka faɗaɗa janyewar ta haɗa kusan duk kayan da aka ƙara wa tiriftofan na masana'anta, ban da 'yan kaɗan irin su madarar jarirai ta musamman da abincin marasa lafiya, aka kuma tsare shigo da hodar daga waje.

Ta ɓangaren jinya sakamakon bai kai yadda aka so ba. Daina shan ƙwayar bai wadatar ba ga mutane da yawa, domin cutar ta ci gaba da aikinta bayan an ajiye kwalbar. An yi amfani da magungunan rage kumburi na dangin firednison, waɗanda suka saukar da iyosinofil suka kuma sassauta kumburi da matsalar huhu ta farkon ciwo, amma ba su hana cutar zama doguwa ba. Wasu fatarsu ta yi kauri ta taurare a hannu da ƙafa, wasu jijiyoyinsu suka lalace har suka kasa tafiya, wasu suka rayu shekaru da murɗewar tsoka da gajiya da mantuwa. Daga cikin waɗanda suka rasu akwai waɗanda shanyewar jiki ta taso musu daga ƙafa har ta kai ga tsokar numfashi. Zuwa Yuli 1990 an ƙirga mutane 1,531 da suka kamu, 27 sun rasu, kuma kashi 84 cikin ɗari na masu cutar mata ne. Daga baya adadin mamatan da aka tabbatar ya kai aƙalla 37.

1990: bin sawun kwalabe

Tambayar da ta rage ita ce ko tiriftofan ne kansa yake cutarwa, ko kuwa wani abu ne ya shiga cikinsa. Mutane sun shafe shekaru suna shan sa ba a ga annoba ba, wanda ya sa hankalin masu bincike ya karkata ga masana'anta. Aikin da suka yi mai cin rai ne: a je gidan mara lafiya a karɓi kwalbar da ta rage, a karanta lambar da take jiki, a kira kamfanin da ya ɗura, a nemi takardunsa na sayen hoda, a bi su zuwa ɗan sari, daga nan zuwa mai shigo da kaya, har a kai ga lambar zubi a Japan. Inda aka haɗa hodar wurare biyu, ko takardu suka ɓace, ko mara lafiya ya riga ya jefar da kwalbar, sawun yakan yanke, sai a cire wannan mutum daga lissafi.

Duk da haka abin da ya rage ya isa. A jihar Oregon kashi 98 cikin ɗari na masu cutar da aka bi sawun kayansu sun sha hodar kamfani ɗaya. A Minnesota, binciken da Dakta Edward Belongia ya jagoranta, wanda aka buga a Agusta 1990, ya samu mutum 29 cikin 30 masu cutar sun sha hodar wannan kamfani, alhali a cikin masu shan tiriftofan da ba su kamu ba, 21 ne cikin 35. Da aka samu bayanan aikin masana'antar aka jera su da lambobin zubi, sai ya bayyana cewa zubin da suka kwantar da mutane sun taru ne a watannin farko na 1989, kuma abubuwa biyu da suka fi alaƙa da su su ne sabon irin bakteriya da rage gawayi.

A nan binciken ya ci karo da bango. Domin an yi sauye-sauyen biyu kusan lokaci guda, mafi yawan zubin da aka yi da sabon iri su ne kuma aka rage wa gawayi, don haka lissafi ya kasa raba tasirin ɗaya daga na ɗayan. Wannan ne tushen muhawarar da ta daɗe tsakanin masu ɗora laifin a kan gyaran ƙwayoyin halittar bakteriya da masu ɗora shi a kan raunin tacewa.

Wani bincike a jihar South Carolina ya nuna girman haɗarin. An bi mutane 418 da suke shan tiriftofan a ƙarƙashin wani asibitin ƙwaƙwalwa guda. Cikin 157 da suka sha samfurin da aka yi da hodar da ake zargi, kashi 29 cikin ɗari sun kamu, a cikin masu shan fiye da miligiram 4,000 a rana kuwa rabinsu ne suka kamu.

1990 zuwa 2017: neman baƙon sinadari

Akwai na'urar da take tura narkakkiyar hoda ta cikin siririn bututu, kowane sinadari ya fito a lokacinsa, sai ta zana shi a takarda kamar tudu. Tiriftofan yakan fito a matsayin babban tsauni, sauran abubuwa kuma ƙananan tuddai a gefensa, wasu da ƙyar ake ganinsu. Gwajin tsabta na yau da kullum girman tsaunin yake aunawa. Da masu bincike suka mai da hankali kan ƙananan tuddan, sun ƙirga fiye da 60 a hodar kamfanin, shida daga cikinsu kuma suna da alaƙa da zubin da suka jawo cuta.

Wanda ya fi jan hankali shi ne wanda aka laƙaba wa harafin E. An same shi a samfuri 9 cikin 12 na masu cutar, da kuma 3 cikin 11 na waɗanda ba su kamu ba. Kafin ƙarshen 1990 an gano siffarsa: ƙwayoyin sinadarin tiriftofan biyu ne da wani ɗan ƙaramin sinadari ya ɗaure su wuri ɗaya, ana kiransa EBT. A 1992 aka gano wani, PAA, wanda ya yi kama da sinadarin da aka samu a gurɓataccen man girkin da ya kwantar da kimanin mutane 20,000 a Sifaniya a 1981, da ciwo mai kama da wannan. Na ƙarshe cikin shidan sai a 2017 aka tantance siffarsa.

Gwaji a kan dabbobi bai kammala hujjar ba. An ba ɓeraye EBT da hodar da ake zargi, an ga wasu alamomi kamar kaurin fatar da take lulluɓe tsoka, amma ba a samu cikakkiyar cutar yadda take a jikin mutum ba. Saboda haka matsayin FDA ya tsaya a kan cewa an tabbatar da alaƙar annobar da hodar masana'anta ɗaya, ba tare da an ware sinadari guda an ce shi ne sanadi ba. Kamfanin ya daina yin tiriftofan, kuma ƙararrakin da aka shigar a kansa sun ci masa kimanin dala biliyan 2.

1994 zuwa 2010: abin da doka ta yi

A Oktoba 1994 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ta tsara harkar ƙwayoyin ƙarin gina jiki. Dokar ba ta buƙaci a nemi amincewar hukuma kafin a sayar da su ba, kuma ta ɗora wa FDA nauyin tabbatar da cewa abu yana da haɗari kafin ta cire shi, sai dai ta ba ta ikon tsara ƙa'idojin aikin masana'anta. Waɗannan ƙa'idoji ba su fito ba sai a Yuni 2007, suka fara aiki a kan manyan kamfanoni a 2008, matsakaita a 2009, ƙanana a 2010. Kafin nan, a Disamba 2006, an yi wata doka da ta tilasta wa kamfani ya kai rahoton duk wata mummunar illa da aka sanar da shi cikin kwanakin aiki 15. Shi kuwa tiriftofan an sassauta takunkuminsa a 2001, aka ɗage hanin shigo da shi a 2005.

Ƙa'idojin 2007 sun nemi mai haɗa ƙwayoyi ya gwada kowane sinadarin da ya saya don ya tabbatar shi ne abin da aka rubuta, ya rubuta iyakar gurɓatar da zai yarda da ita, ya ajiye cikakken bayanin kowane zubi da samfurinsa, sannan sashen kula da inganci ya amince da duk wani sauyi a hanyar aiki kafin a aiwatar.

Hukunci a kan lamarin

Abin da ya yi aiki a fili yake. Likitocin da suka haɗa bayanan mata uku, da hukumar da ta janye kaya cikin kwana 18 da samun rahoton farko ba tare da jiran sakamakon ɗakin gwaji ba, su ne suka tsayar da annobar. Da an ce sai an gano sinadarin kafin a taɓa kasuwa, da mutane sun ci gaba da sha har tsawon shekaru. Bin sawun kwalabe ma ya yi nasara, amma gwargwadon takardun da 'yan kasuwa suka ga damar ajiyewa, kuma duk inda aka gauraya zubi ba a rubuta ba, an yi asarar shaida.

Gazawar kuwa a masana'anta take, kuma a ganina ta fi ta'allaƙa da yadda aka yi sauyi fiye da abin da aka sauya. Kamfani yana da 'yancin neman irin bakteriyar da ta fi yawan amfani, yana kuma iya gwada rage gawayi. Amma sabon iri mai fitar da tiriftofan da yawa yana iya fitar da wasu abubuwan da tsohon bai fitar ba, kuma a daidai wannan lokaci ne aka raunana matakan da aka tanada don kama su. Da an yi sauyi ɗaya, aka kwatanta zanen ƙananan tuddan zubin da ya gabata da na sabon kafin a saki kaya, da an ga bambancin da na'ura irin wadda masu bincike suka yi amfani da ita shekara guda bayan haka. Lambar 99.6 gaskiya ce, sai dai ragowar kashi 0.4 yana nufin mai shan miligiram 1,500 a rana yana iya haɗiyar har miligiram 6 na abubuwan da ba a tantance ba, kowace rana, wata da watanni.

Ƙa'idojin 2007 sun toshe wasu daga cikin waɗannan kafofi, musamman ajiye bayanin zubi da amincewa da sauyi. Akwai biyu da suka rage a buɗe idan aka auna su da wannan lamari. Gwajin tabbatar da sinadari da aka wajabta zai wuce da hodar 1989 ba tare da tangarɗa ba, domin tiriftofan ce ta gaske. Sannan ƙa'idojin sun hau kan mai haɗa ƙwaya da mai ɗurawa ne, masana'antar da take yin ɗanyar hodar kawai ta sayar wa wasu tana ƙarƙashin dokokin abinci na gama-gari, kuma a irin wannan masana'anta ne aka sauya bakteriya aka rage gawayi daga kilo 20 zuwa 10.